Baƙo a Igiyar Shanya

Kullum da safe ina hango wata tsohuwa a barandar gidan da ke fuskantar namu. Tana ƙudundune cikin rigar sanyi da ta yi mata yawa, ina jin ta marigayi mijinta ce, da madubin hangen nesa a hannu. Yau wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, wanda sanyi ya koro daga nesa, ya sauka a igiyar shanyarta.

Ɗanta ya fito da singileti. "Mama, rigar aikina! Na makara fa."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ka taɓa igiyar nan mu ɓata. Kai wata tara kawai na jira ka. Wannan shekara uku nake jiransa."