Ruwa a Kunu

Shekarar da aka rufe iyaka, aka yanke mana wutar da ke zuwa daga Najeriya, mai renon 'ya'yanmu ta cika shekara biyar a gidana a Konni. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki uku a wani ƙauye kusa da iyaka. Matata tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ni ina shagon yadi a kasuwa, don haka tun safe har la'asar yaran suna hannunta. Inna muke ce mata, ni da yaran duka.

Ranar da ta fara aiki ita ta roƙa a riƙa biyan ta da naira, domin a ƙauyensu naira ake kashewa. Muka daidaita a kan dubu goma sha biyar a wata. A lokacin sai na ba ɗan canji fiye da jika ashirin, wato sefa dubu ashirin, kafin in haɗa kuɗin. Na yi mata alkawarin ƙari duk kaka, na rubuta da ajami a bayan littafin shago, na sa Allah shaida.

Ban taɓa saɓa alkawarin ba, kuma da wannan na daɗe ina rufe wa kaina baki. Duk kaka nakan kira ta zaure, in yi gyaran murya, in ce an ƙara dubu biyu. Ta durƙusa ta yi addu'a, Allah ya ƙara arziki, Allah ya raya zuri'a. Ni kuwa in ce amin, alhali na san abin da ke faruwa a teburin 'yan canji. Naira tana faɗuwa kowace shekara. Takardun da nake miƙa mata suna ƙara kauri, sefar da ke fita daga aljihuna tana raguwa. Ban shirya hakan ba, amma na gani, kuma ya yi mini daɗi.

A kakar shekarar rufe iyaka naira ta faɗi warwas. Matata ta ce, "Malam, bana fa sai ka duba Inna da kyau, komai ya yi tsada."

Na ce, "Dubu biyar zan ƙara."

Ta yi murna, har ta gaya wa 'yar'uwarta a waya. Ba ta zuwa wurin canji, ba ta san duk albashin da ƙarin bai kai jika goma sha bakwai ba. Ni kaɗai na sani, ko kuma haka na zata.

Bayan kwana kaɗan na manta makullin akwatin shago, na dawo gida da hantsi. Ina zaure na ji Inna tana hira ta kan katanga da maƙwabciyarmu, wata mai sayar da ƙosai.

Maƙwabciyar ta ce, "Ke dai kin dace, an ce Malam ya yi miki ƙari mai tsoka."

Inna ta yi dariya. "Ƙari kam an yi. Kin san kunu in baƙi sunka yi yawa? Ruwa aka ƙara mai. Kwano ya cika fal, ciki ya kwana da kuka."

"To ki gaya mishi mana."

"In gaya ma malami lissafi? Shi da ka karanta ma mutane babin haƙƙi? Da farko kuɗin wata na kawo min buhun hatsi har da canji. Yanzu ko rabi sai an yi ciniki. Tunkiyata ma na saida ta da damina."

"Ki bar aikin."

"In bar wa wa ƙaramar? Ba ta cin tuwo sai a hannuna."

Na tsaya riƙe da labulen zaure. Gaskiya ta faɗa: duk Laraba bayan la'asar mutane sukan zauna a wannan zauren ina karanta musu hukuncin ciniki da na ƙwadago. Na juya na koma kasuwa ba makulli, na wuni ina ce wa masu saye akwati ya ƙi buɗuwa.

Da na ce washegari na gyara, da na yi ƙarya. Na yi mako uku ina kawo wa kaina hujja. Ai ita ta zaɓi naira. Ai ba ni na karya darajarta ba. Ai kasuwa ta mutu tun da aka rufe iyaka. Kowace hujja tana tsayawa da ƙafarta har sai na ɗaga hannu zan yi kabbara, sannan ta zube. Laraba biyu na aika a ce ba karatu, ba ni jin daɗi.

Daga ƙarshe na buɗe bayan littafin, na bi shekarun ɗaya bayan ɗaya, ba da naira ba, ba da sefa ba, da gero, tunda da shi ta auna ni. Na gaya wa matata komai. Kallon da ta yi mini, na gwammace zagi. Ranar kasuwa na sayi buhu shida da tunkiya mai ciki, amalanke ya kawo ƙofar gida.

Na kira Inna zaure. Wannan karon ban yi gyaran murya ba.

Na ce, "Inna, na ƙara wa kununki ruwa shekara da shekaru, kuma ina sane."

Ta sa gefen zane ta rufe baki. "Wayyo ni. Katangar nan ba ta da amana."

"Ki yafe mini."

"Tsaya tukuna, Malam, in ga kayan. Yafiya ba ta shiga tukunya."

Ta fita ta zagaya amalanken, ta soka hannu a buhu ta murza geron, ta buɗe bakin tunkiyar ta duba haƙora. Na ce daga yau albashinta da sefa ne, kuma duk kaka za mu tambayi kuɗin buhu a kasuwa kafin a yanke ƙari, ita da matata suna zaune. Ta ce ta yarda.

Sai ta aiki babbar 'yata ta ɗauko tiya, kwanon awo. Ta kwance buhu ɗaya, ta auna tiya huɗu, ta juye a ƙwaryarmu.

Na ce, "Wannan fa?"

"Naka ne. Damina waccan da jikana ya kwanta, na ɗiba a ɗakin ajiyarka ban faɗa ba. Huɗu ne, na ƙirga. Ni ma abin na tsaya min a wuya in na zo salla."

Na ce na yafe, ta bar shi. Ta ce a'a, ba ta son saura. Ta share bakin tiyar da tafin hannu yadda masu awo ke yi, ta ɗaure buhunta.

"To yanzu na yafe, Malam. Kai fa?"

Na ce na yafe. Ta ce a kama mata tunkiyar kada ta ci geron, ta koma ciki, don ƙaramar ta farka tana kiran ta.