Ƙ ɗin da ƙanwata ta rubuta

Bayan rasuwar Mama, Baba ya zo Kafanchan daga Nok don a duba masa ido. Da muka dawo daga asibiti ya ƙi cire takalmi, wai motar ƙauye ba ta jiran kowa. Abu ɗaya ya roƙa kafin ya tafi, ya ji waƙar da ƙanwata ta ɗauki Mama tana rerawa da harshen Jaba a wata Kirsimeti. Babu wani wurin da muryarta ta rage sai cikin tsohuwar kwamfutata.

Ita kuwa kwamfutar ta tsufa har ta daina nuna hotuna. Baƙin allo ne kawai, sai ka rubuta mata umarni da sunan fayil daidai kafin ta motsa. Na duba, ga fayil ɗin nan, amma an rubuta wa?ar mama, da alamar tambaya a tsakiya. Na rubuta waƙar, ta ce babu. Na rubuta wakar, babu. Na sa alamar tambayar da kaina cikin baka biyu, ta ce ba ta san shi ba. Kai, na zage ta tas a gaban mahaifina!

Na kira ƙanwata a waya, tana Sabon Tasha. "Ke, don Allah yaya kika rubuta ƙ ɗin nan?"

"Yaya, maɓallin Ctrl na danna da k. Ai haka aka ce mini ana yin mai lanƙwasa."

Wanda ya koya mata, Allah ya gafarta masa. Ba harafi ta rubuta ba, umarni ne marar siffa ya maƙale cikin sunan, ido ba ya ganinsa. Na so in yi mata faɗa, sai na tuna ita ce ta yi tunanin ɗaukar muryar, mu sauran muna can muna rabon nama. Kuma so ta yi ta rubuta wa Mama Hausa mai kyau.

Baba ya jawo sandarsa. "Bar shi, 'yata. Wata rana."

Tsoro ya kama ni, don na san shekarunsa. A nan na tuna da Tab, maɓallin da ke ƙarasa maka suna in ka fara. Na rubuta haruffa biyun farko kawai, w da a, na danna shi. Kwamfutar da kanta ta cike sauran, wa^Kar mama, da abin da ya ɓuya a fili. Ashe ba ruwanta da yadda nake furta sunan, abin da ke ajiye take ɗaukowa.

Na kunna fayil ɗin, sai Mama ta yi gyaran murya, ta fara. Baba ya koma ya zauna, yana amsa mata baiti ƙasa-ƙasa. Can a tsakiya ya girgiza kai.

"Ta yi sauri a nan. Kullum ina gaya mata."

Ya sunkuya ya kwance takalminsa. "Sake sa mini."