Rularki Ba Ta San Iyaka Ba

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na wata safiyar Asabar ta damina abin ya fara, kuma har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba. Lokacin da na ce wa Inna Yaya zai kira ke nan, kuma bai kira ba.

Yayana bai daɗe da zama matuƙin jirgi ba. Ranar ce karon farko da zai fita ƙasar waje, shi da maigidansa, a wani ƙaramin jirgi daga filin jirgin Zariya zuwa Maraɗi. Ya yi alkawarin yana isa zai bugo waya. Ni kuwa ina ajin ƙarshe a sakandare, ba na iya haɗa ido da baƙo, amma in dai lissafi ne ba a ja da ni a gidanmu na Ƙofar Gayan. Tun jajibiri na buɗe taswira, na ɗora rula tsakanin garuruwan biyu. Nisan bai kai kilomita ɗari uku ba. Na raba da gudun jirgin, na ƙara rabin awa don tsaro, na faɗa wa Inna lokaci kamar wadda aka yi wa wahayi.

Sha biyu ta wuce. Na kira lambarsa, a kashe. Can arewa hadari ya haɗu baƙi ƙirin.

"Sake aunawa," in ji Inna. "Ko kin yi kuskure?"

Na sake aunawa. Ban taɓa roƙon Allah Ya sa lissafina ya zama ba daidai ba sai ranar. Amma abin da na samu jiya shi na sake samu.

Inna tana da hawan jini. Bayan Azahar ta kasa tashi daga kan sallaya. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta shigo tana salati. "Dama na faɗa! Mutum da ƙafafunsa, me ya kai shi sama kamar shirwa?" Kafin La'asar tsakar gida ta cika da mata, kowacce tana magana ƙasa-ƙasa irin ta gidan makoki. Na laɓe bayan randa da taswirata. Abu ɗaya nake ta juyawa: in man jirgin na tafiyar nan ne kawai, to ya ƙare tuni. Ban gaya wa kowa ba. Yanzu na gane da ban yanka wa Inna lokaci ba, da tana can tana tankaɗen garinta hankali kwance.

Ana kiran Magariba wayar Inna ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ta miƙo min, ta ce ita ba za ta iya ba. Sai na ji muryar Yaya.

"Auta? Mun sauka lafiya. Wayar wani na ara, layina ba ya aiki a nan."

Inna ta faɗi ta yi sujada. Ni da ba na ɗaga murya, sai ga ni ina ihu: "Yaya, tafiyar awa ɗaya da rabi ce fa! Na auna!"

Ya yi dariya har da tari. Amsarsa ce darasin da nake riƙe da shi duk lokacin da na ji na tabbata da abu.

"Ai ba a tsallaka ƙasa daga ƙaramin fili, sai da muka sauka Kano aka buga mana hatimi a fasfo. Can ruwa ya tsare mu, wayata kuma na cikin jaka. Lissafinki daidai ne, Auta, rularki ce ba ta san iyaka ba. Gobe kafin ki auna hanya, ki tambayi mai binta."