Raƙumin Barmu da Kunnen Maƙeri

Motata ta farko bashe ce, wato ƙaramar mota mai tanti a baya. Na saye ta da kuɗin sallamata daga soja, a hannun wani Bature likitan dabbobi da zai koma ƙasarsu bayan an ba mu mulkin kai. Ya miƙo mini makulli da takardu a cikin jakar fata. Ya ware wata rawayar takarda ya ce ita ce asirans, kada in bari ta mutu. Ban yi lakwal ba, wato boko, ban san abin da ke cikinta ba. Na ɗauka wani haraji ne irin jangali. Duk shekara nakan je in biya, a buga hatimi, in mayar da ita jaka. Na fasa dutse a aikin tilas ina saurayi, na yi soja, na saba da a karɓa ba a faɗa mini dalili ba.

Aikina ɗaukar ƴan kasuwa ne daga Tawa zuwa Barmu, wata rana Takanamat. Buhunan gero da gishiri a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a sama. Da motar nan nake ci da gidana. Ba ni da gona mai kirki, ba ni da shanu.

A ƙarshen wata damina, gero ya fara nuna, ina dawowa daga Barmu da hantsi. Raƙumi ya fito daga bayan wata bagaruwa. Na taka birki, yashi ya ja motar. Raƙumin ya zauna daram a kan gaban motar, ya tashi, ya yi gaba yana tuƙa. Ko ɗingishi bai yi ba. Mai shi, wani Buzu, ya duba ƙafafunsa huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo ya tambaye ni ko na ji ciwo.

Ban ji ba. Motar ce ta ji. Kapo, murfin inji, ya lotsa. Fitila ɗaya ta fashe. Radiyata tana zubar da ruwa. Madigadin dama, ƙarfen da ke rufe tayar gaba, ya lanƙwashe ya danne tayar. Wata babbar mota ta jawo ni da igiya har ƙofar gidana.

Jandarma ya zo ya zagaya motar ya yi rubutu. Da ya ga rawayar takardar sai ya dube ni.

“Tsohon soja, ka san mene ne wannan?”

“Haraji.”

“Ba haraji ba ne. Baturen nan cikakkiyar asirans ya bar maka. Su za su biya gyaran. Amma ka ji sharaɗin: kada kowa ya taɓa motar nan sai mutuminsu ya zo daga Yamai ya gani da idonsa. Abin da bai gani ba, ba ya biya.”

Ban taɓa jin inda aka karɓi abu a hannun talaka aka dawo masa da shi ba. Washegari da sassafe na tafi gidan waya don a buga wa mutanen asirans. Layi ya yi tsawo, sai azahar na kamo hanyar gida. Tun daga kwanar masallaci na fara jin guduma.

Uwata ɗiyar maƙera ce. Ɗan wanta, taubashina, shi ya gaji maƙerar kakanmu. A wurinmu ƙarfen gida ba ya kwana a karye. In hauyarka ta tsage ko wuƙarka ta dakushe, maƙerin dangi ba ya jiran a kira shi. Yana ji zai zo, kuma in ka kai wa wani ba da saninsa ba, ka ci masa fuska. Ya ji labarin raƙumi a bakin mata. Na tarar ya kwance madigadin, ya hura gawayi a ƙofar gidana, ya ɗora ƙarfen a kan kututture yana gama bugun ƙarshe. Ƙarfen ya miƙe sumul, in ban da fentin da wuta ta cinye.

“Bawa, ka dawo?” in ji shi. Haka yake kirana tun muna yara, don ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji. “Anka ce raƙumi ya hau ka, na ce daidai na, ya gane jaki.”

“Wa ya sa ka?”

“Wa ka sa ni? Ƙarhen gidanmu na.”

Na gaya masa abin da jandarma ya ce. Ya ajiye gudumar ya saurara har na gama.

“To, mi kake so in yi?”

“Mayar da shi yadda ka gan shi.”

“In lanƙwasa shi?”

“I.”

“Shekara talatin ina miƙe ƙarhe, ban taɓa ɓata shi da gangan ba. Tahi ka kira raƙumin.”

Ya mayar da madigadin jikin motar, da ƙyar na hana shi kama kapo. Na sa aka lulluɓe gaban motar da tabarmi, na ce wa matata in ta sake ganinsa da guduma ta watsa masa ruwan wanke-wanke.

Mutumin asirans ya kwana tara bai zo ba. Ana ta yankan gero, ƴan kasuwata suna ta leƙowa suna tambaya. Wasu sun fara shiga babbar motar nan da ta jawo ni. Na san in kaka ta wuce ina zaune, ba za su dawo ba, ni kuma sai in koma dako a tasha da furfurata.

Ran na goma ya iso. Siriri ne mai tabarau, da farar riga da alƙalami uku a aljihu. Ya rubuta sabon kapo, ya rubuta fitila, ya rubuta radiyata. Ya zo kan madigadi ya wuce.

Na ce, “Wannan ma raƙumin ya taɓa.”

“Ban ga komai ba.”

Na gaya masa gaskiya. Ya zura hannu ta ƙarƙashi ya shafa, ya ji sawun guduma. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau.

“Na yarda da kai, malam. Amma ba zan rubuta sabon madigadi a kan ƙarfen da ya fi na hagu miƙewa ba. Fenti kawai zan rubuta.”

Taubashina yana tsugune a gindin bango yana jin komai. Bakinsa har kunne.

Sannan mutumin ya ce garaji biyu ne a Tawa masu hatimin da kamfaninsu ke karɓa. In zaɓi ɗaya kafin la'asar ɗin gobe, don jibi zai koma. In na dangwala yatsa, shi ke nan. Sau ɗaya suke biya. In aikin ya lalace bayan wata guda, ni da motata ne.

Garajin farko yana bakin tasha. Na wani saurayi ne da ya koyo aiki a Abijan. Yana da allo mai zanen mota a ƙofa, wurin a share tas. Na je ni kaɗai da yamma. Ya ba ni kujera, ya aika aka kawo shayi, yana ta ce mini Baba. Ya nuna mini motar wani Alhaji mai fataucin fata da ya gama gyarawa, ƙofarta tana ɗaukar ido. Ya ce kwana huɗu zai ba ni tawa.

Na biyun yana bayan kasuwar dabbobi. Na wani tsoho ne mutumin Damagaram, wanda ya yi aiki a garajin sojan Faransa. Rumfar kwano ce da tarin ƙarafa, awaki na kwance a ƙarƙashin wata mota. Na yi sallama ya amsa bai ɗago ba. Na faɗi abin da ya kawo ni.

“Sati biyu.”

“Na tasha ya ce kwana huɗu.”

“To je can.”

Na fito na gama yanke shawara. Kwana huɗu na nufin kasuwar Barmu mai zuwa da ni za a ci.

Da safe taubashina ya tare ni a ƙofa.

“Ni na sa ka rasa madigadi, ni za ni zaɓa maka garaji.”

“Kai da ba ka taɓa riƙe sitiyari ba?”

“Kai kuma ba ka taɓa riƙe hankali ba. Mu tahi.”

Bai ɗauki guduma ba. Wani ɗan guntun ƙarfe ya jefa a aljihu, kamar tsawon yatsa. Na san shi. Da shi yake gwada hauya a kasuwa. Mutumin ƙasarmu ta Adar ba ya sayen hauya da ido. Yakan rataye ta a yatsa ya ƙwanƙwasa. In ta yi ƙara mai tsawo lafiyayya ce, in ta yi gajeriyar ƙara akwai tsaga a ciki, ko da ba a gani.

A garajin tasha saurayin ya sake kawo shayi. Taubashina bai zauna ba. Ya nufi motar Alhaji, ya kara kunne a jikin ƙofar baya ya ƙwanƙwasa. Ƙarfe ya amsa. Ya matsa ƙofar gaba, wadda aka gyara, ya ƙwanƙwasa. Ta yi dum, kamar an bugi kabewa.

“Baba, a hankali da fentin,” in ji saurayin. “Mota ba hauya ba ce.”

“Ƙarhe ƙarhe na, ɗana. Mi ka cusa ciki nan?”

“Mastik ne. Haka ake yi yanzu ko a Abijan. Ana cike ramin da shi, a goge, a fesa fenti.”

“Kaurinsa?”

Saurayin ya nuna da yatsu. Taubashina ya nuna nasa yatsun, ya ninka biyu. Saurayin bai musa ba.

Da muka fito ya ce, “Yaron kirki na, shayinsa da daɗi. Amma bai miƙe ƙarhen ba, yaɓe ya yi masa kamar bangon rumbu. A titin Abijan ya zamna. A hanyar Takanamat ban ba shi wata ukku ba.”

A rumfar tsoho ba wanda ya ba mu ko ruwa. Taubashina ya sami wata motar da aka gama, ya bi ta yana ƙwanƙwasawa tun daga hanci har wutsiya. Ko'ina ƙara ɗaya. Tsohon ya bar abin da yake yi yana kallonsa.

“Me kake nema a jikin motar mutane?”

“Inda ka yi ƙarya.”

“Ka samu?”

“Ban samu ba tukuna.”

Na tsaya ina lissafin kasuwanni biyu da za su wuce ni. Sannan na tuna gargadar hanyar Takanamat, wadda take kwance haƙoran mutum balle yaɓe. Na aika aka kira mutumin asirans, aka turo motar da hannu har rumfar.

Tsohon bai fara da kapo ba. Ya kwanta ya shiga ƙarƙashi da zare a hannu, ya auna daga nan zuwa can, ya sake aunawa. Ya fito ya ce ƙarfen da ke riƙe da tayar dama ya karkace kaɗan. In ba a miƙe shi ba, motar za ta riƙa cin taya duk wata biyu. Mutumin asirans ya naɗe wandonsa ya leƙa, ya gani da idonsa, ya ƙara a takarda. Na dangwala yatsa.

Sai tsohon ya zo kan madigadi. Ya shafa waje, ya shafa ciki, ya daɗe.

“Wa ya buga wannan?”

“Ni,” in ji taubashina.

“Da wuta?”

“Da gawayin ƙirya, kaɗan-kaɗan. Daga gefe na faro, ban taɓa tsakiya ba sai da ta nemi tashi da kanta.”

Tsohon ya jawo wani tsohon gwangwani ya ce masa ya zauna. Ni da na kawo aikin a tsaye aka bar ni. Suka yi ta maganar ƙarfe har aka kira sallar la'asar.

Ya ce sati biyu, ya yi kwana goma sha shida. Kasuwa biyu ta wuce ni. Ran da na koma Barmu, tanti a ɗaure, fitila biyu na kallon gaba, rabin ƴan kasuwata suka sauko daga babbar mota tun kafin in kashe inji. Sauran suka dawo a hankali. Na kwashi geron kakar nan har ƙarshe, taya ba ta ci ba, kapo bai yi ko motsi ba.

Kafin azumi na haɗu da motar Alhaji mai fata a hanyar Takanamat. Ƙofar gaba ta zubar da yaɓenta, ramin ya fito fili da tsatsa a bakinsa. Direbansa ya tsince gutsattsarin ya tara a hula, wai zai mayar wa mai garaji. Na ba shi ruwa, na kwatanta masa rumfar da ke bayan kasuwar dabbobi. Na ce kada ya sa ran shayi.

Taubashina kuwa ya yanka wa kansa lada. Daga ranar kujerar gaba tasa ce duk lokacin da zai kai hauyoyi kasuwar Barmu, kuma bai taɓa biya ba. Yakan sa in tsaya a daidai bagaruwar nan, ya nuna wa fasinja inda raƙumi ya hau bawansa.

Motar ta yi mini shekaru kafin injinta ya gaji. Da aka zo kwance ta, sabon kapon da asirans ta saya tsatsa ta huda shi kamar rariya. Madigadin da suka ƙi biya yana nan garau. Taubashina ya zo da kansa, ba a kira shi ba, ya ɗauke shi. Bayan kwana uku ya aiko wa matata da kaskon tuya. Har yau da shi ake soya ƙosai a gidana.