Gurbin Yayana a Lakwal

Ranar da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyenmu, a cikin rumbu na wuni. Shekaruna bakwai ko takwas, ba wanda ya sani daidai. Tun da hantsi labari ya iso daga Dogarawa cewa malamin rubuta sunaye yana tafe da ɗan gardi guda, wato dogarin gwamnati, kuma kowane gida mai yara maza biyu sai ya ba da ɗaya. Baba bai tsaya wata-wata ba, ya ciccibe ni ya hau tsani, ya zura ni ta bakin rumbun ƙasa, ya mayar da murfi. Na faɗa kan damman gero, ƙaiƙayi ya shige mini ko'ina, ga duhu, ga zafi. Ya ce ko tari ya ji na yi, sai ya karya ni.

Ba Baba kaɗai ke haka ba. A wurin mutanenmu a lokacin, lakwal asara ce tsagwaronta. A ɗauke maka ɗa mai hannun riƙe hauya, bayan shekaru a mayar maka da shi yana yatsina fuska a gaban tuwo. Kowa ɓoye nasa yake yi, wani a rumbu, wani a ruga wurin Fulani, wani ya tura shi ƙetaren iyaka wurin dangi sai ƙura ta lafa. Amma hakimi ya san mu biyu ne maza a gidanmu, kuma Baba ba shi da bakin da zai ce a tsallake shi.

Na biyun shi ne yayana, wanda ya girme ni da shekara biyu. Yana ɗan shekara uku zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya warke sai aka ga shan inna ya shanye masa ƙafafu duka biyun, sun koma kamar sillen kara. Da hannu yake tafiya yana jan jiki, har tafin hannunsa ya yi kanta. Iyakar yawonsa daga ɗakin uwarmu zuwa zaure. A can yake wuni yana tufkar igiya, yana kallon masu wucewa yana yi musu shaƙiyanci, don bakinsa kam babu abin da ya same shi. Shi Baba ya ga ya dace ya bayar.

Ya yi masa wanka, ya zura masa tsohuwar rigarsa mai faɗi, ya kai shi ƙofar hakimi tun kafin baƙin su iso, ya zaunar da shi a layin yara, rigar ta rufe ƙafafun ruf. Malamin ya bi layi yana cewa kowane yaro ya zagayo da hannu ta bisa kai ya taɓa kunnensa, ya kuma buɗe baki a ga haƙora. Gwajin shekaru ke nan. Ba wanda ya ce yaran su miƙe tsaye. Duk garin suna wurin, sun sani sarai, amma ko mutum guda bai yi gyaran murya ba.

Da la'asar aka ciro ni sharkaf da gumi. Baba yana zaure yana ba maƙwabta labarin yadda ya yi wa gwamnati wayo, ana ta dariya. Yaya ma dariya yake, amma tasa daban ce, ban taɓa ganin idonsa yana ƙyalli haka ba.

Ya ce mini, "Kai ka wuni cikin hatsi kamar kusu, ni ko an rubuta ni. Gobe ka ɗaura wa jaki akumari, yaro, ni ka zuwa lakwal."

Lakwal ɗin rumfar kara ce a garin da ke gaba da namu, yara suna zaune a kan tubalan ƙasa. Malaminsu, wanda kowa ke kira Mushe, wato malam da Faransanci, saurayi ne siriri daga can yamma, Hausarsa a karkace. Ranar farko da ya ga na sauke Yaya daga kan jaki ya ja jiki ya shiga, ya daɗe yana kallonsa. Ya duba takardarsa, ya ga sunan yana nan, ya nuna masa tubali a layin gaba. Ina jin ya ga in ya yi magana adadin yaransa zai ragu, shi za a tambaya.

Aikina ya zama kai shi da safe, in yi kiwon jaki a nan kusa, in ɗauko shi in an tashi. A hanya ba ya barina in huta. Duk abin da aka koya musu sai ya zazzage mini shi a kunne, ni kuwa hankalina yana kan kurciya da harbin danƙo. Cikin wata huɗu ya wuce kowa a rumfar. Ya daina tufka, ya daina tsokanar mutane, in muka wuce bakin babbar hanya sai ya ce in tsayar da jaki ya karanta lambobin motocin siminti da ke fitowa daga Malbaza. Uwarmu ta ce yaron nan har ƙiba ya yi.

Sai ranar da mai duba lakwal-lakwal ya zo daga Konni a mota. Na ɗaure jaki na je ina leƙe ta tsakanin kara. Da ya shigo, yara suka miƙe zumbur suka gaishe shi baki ɗaya, kamar yadda aka koya musu. Yaya ya gaishe shi da murya fiye da ta kowa, amma a zaune. Mutumin ya tsaya a kansa, ya sa tsinin takalmi ya ɗaga gefen rigar. Ya juya ya yi wa Mushe faɗa da Faransanci, ya daɗe yana yi, Mushe ya sunkuyar da kai.

Ni ban ji ko kalma guda ba, Yaya ne ya fassara mini a hanya. Faransancinsa na wata huɗu ya ishe shi ya ji korar da aka yi masa. An ce gwamnati tana karantar da waɗanda za su yi mata aiki ne, kuma babu likitan da zai ba gurgu takardar lafiya, saboda haka wurin da yake zaune ɓarna ce. An kuma ce gidan da ya yi wannan yaudara ya kawo yaro mai ƙafa kafin Juma'a, in ba haka ba mai gidan ya amsa kira a Konni. Ya faɗa mini wannan duka murya a daidai, kamar yana maimaita darasi. Bai yi kuka ba sai da muka hango gidanmu.

Ranar Litinin ni ne a kan tubalin. Baba ya yi asara biyu, ya kwana uku ba ya yi wa kowa magana. Ni kuwa na tsani rumfar nan kamar in sa mata wuta. Ina zaune ƙafafuna suna yi mini ƙaiƙayin gudu, ina hango daji ta ƙofa, ba damar motsi sai Mushe ya yarda. Wanda ke son wurin yana can zaure, ya koma tufkarsa, tunda babu mai kai shi ko'ina. Da na dawo da la'asar zai fizge allona, ya sa ni in maimaita duk abin da aka yi, ya kwafe a ƙasa da tsinke. Sau da yawa shi ke gyara mini, ya dungure mini kai, ya ce an ba kare sirdi. Ina jin kunyarsa, kuma ina jin haushin kunyar.

A nan ne na ƙulla dabarata, kuma har yau in na tuna ta sai in ji kamar in mari kaina. Na ji manyan yara suna cewa duk daƙiƙin da ya gagara, korarsa ake yi a ƙarshen shekara. Sai na auna da hankalina na yaro cewa tubalin nan na gidanmu ne, gidanmu kuwa maza biyu ne. In aka kore ni, ai ba yadda za su yi sai su mayar da Yaya. Ban gaya wa kowa ba, don ina so ya zama abin mamaki.

Na shiga daƙiƙanci da gaske. In Mushe ya nuna baƙi in kira wani. In ya ce in ƙirga, in tsaya a uku in buɗe baki. Akwai wani ƙashin jaki da ake rataya wa duk wanda ya yi Hausa a aji, na mayar da shi kamar layata, da gangan nake magana don a rataya mini. Na sha bulala har bayana ya saba. Don kada karatun ya shige ni ba da sanina ba, sai na daina saurare ɗungum, in kafa ido a bakin ƙofa ina ƙirga awakin mutane. In an tashi in goge allona tas kafin in isa gida.

Yaya zai tambaye ni, "Mi anka yi yau?"

In ce, "Ba a yi komi ba."

"Wuni guda cur, ba a yi komi ba?"

In ce Mushe ba ya da lafiya, ko in ce shara muka yi. Ya dube ni, ya dubi allon, ya mayar mini. Tun yana tambaya kullum, har ya koma ɗaga kai kawai in na shigo, ya ga hannuna, ya mayar da kansa ƙasa. Ni kuwa ina alfahari a zuciyata, ina cewa bari dai, za ka gani.

Gab da damina Mushe ya zo gidanmu a kan kekensa. Ya tsuguna a zaure ya gaisa da Yaya da Faransanci, suka ɗan taɓa hira, sannan ya ce wa Baba ƙaramin nan kansa dutse ne. In bai sake ba zai sallame shi, a ba wani gida wurin. Baba ya yi ta cewa Allah ya kyauta, amma na ga farin ciki ƙarara a fuskarsa, ga damina ta matso, ga hannu zai dawo gona. Ya raka Mushe har bakin hanya.

Muka rage mu biyu. Yaya ya ce, "Zo nan." Na matsa, ya damƙi wuyan hannuna. Hannun wanda ke tafiya da hannu ba abin wasa ba ne, sai da na ji ƙashina ya yi ƙara. "Kai ba daƙiƙi ba na. Na san kanka. Mi kaka yi?"

Na faɗa masa duka, har da murmushina, ina jiran ya yaba mini. Ya sake ni.

Ya ce, "Ba ka ji abin da Mushe yac ce ba? Wani gida za a ba. Ko kai ka mutu, ba su maida ni. Tun ranar da anka kore ni na san haka." Ya share wata 'yar ƙasa a gabansa da tafin hannu, ya rubuta layi guda da yatsa. "Ga inda kab bar ni. Wata ukku ina maimaita wanga layi, ban san abin da ab biye da shi ba. Kullum ina zaune nan ina jiran la'asar, kai ko kana can kana toshe kunne don ka taimake ni."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Duk bulalar da na sha ina ganin don shi na sha ta, ashe 'yar hanyar da ta rage masa ce na toshe da hannuna. Na yi kuka, bai lallashe ni ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Washegari na ɗaga hannu a aji, Mushe ya dube ni kamar ya ga jaki ya yi sallama. Ban zama mai son karatu ba, gaskiya, amma na zama mai dako. In saurara da kunne biyu, in cika allo, daga baya in cika littafi, in kawo zaure in sauke. Shekara shida muna haka. Baba ya haƙura da ni, ya saba da ganinmu kai a haɗe, har in an aiko wasiƙa daga masu cin rani, wurin Yaya ake kawowa ya karanta. Duk jarrabawar da na yi, shi ya fara yin ta a ƙasa, kuma ya fi ni.

Shekarar ƙarshe na je Konni na rubuta babbar jarrabawa. Bayan an yi huɗa aka aiko da takarda ta hannun hakimi. Ina gona aka kira ni, na tarar Baba ya riga ya miƙa wa Yaya. Ya karanta ta da Faransanci ba gargada, sannan ya mayar da ita Hausa: na ci, an ba ni wuri a babbar makaranta a Tawa, can zan riƙa kwana, sai hutu zan zo gida. Na dube shi, don ni da shi mun san abin da wannan ke nufi, daga Tawa ba a dawowa da la'asar. Shi bai dube ni ba.

Baba ya daɗe yana shafa gemu. Tsufa ya fara kama shi a lokacin, kuma tun ranar da aka kori Yaya ban ƙara jin ya ba da labarin wayon da ya yi wa gwamnati ba. Ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, "To kai hwa? Tunda tare kunka yi karatun, ba su ce komi ba bisa kanka?"

Yaya ya san amsar. Duk da haka ya sake ɗaga takardar, ya bi ta da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya juya bayanta ya duba.

Ya ce, "Babu, Baba. Sunan mutum guda na."