Makullin da Ya Kwana a Aljihuna

Talata: Birnin Kudu zuwa Gwaram

Ƙarfe biyar da rabi daidai, ana fitowa daga sallar asuba, muka tashi ni da Sale makanike, mutumin da ya shekara ashirin yana cin abinci a ƙarƙashin tsohuwar motata. Masu karatu su yi haƙuri da rubutuna. Aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi.

Ga dalilin tafiyar. Matata, Hajiya Asabe, tana da ciwon asma. Watan jiya ya taso mata ina gona a Sundimina da motar, sai a kan babur aka kai ta asibiti, 'yarmu Zulai na riƙe da ita ta baya. A satin na sayar da shanun huɗata biyu, na ce sai na sayi mota ta biyu wadda za ta riƙa tsayawa a ƙofar gida. Tsohuwar ta riga ta zama jakin gona, kujerar bayanta ma na cire. Zulai malamar makaranta ce, ta iya tuƙi fiye da ubanta.

Motoci biyu aka yi mini tallansu. Ɗaya mai fetur ce a Gwaram, mai dogon baya, ta wani malami da ya yi ritaya. Ɗayar akori-kura ce mai shan gas, wato dizal, a wani ƙauye gaba da Fagam, ta Alhaji Garba mai hatsi. Sau ɗaya na taɓa jin rurinta a kasuwa, tun ranar zuciyata take wajenta.

Da zan fita Hajiya ta ce, "Malam, ni dai mota mai tashi nake so. Ba mai ruri ba."

Na ce, "Kafin la'asar kin ganni."

Sale ne ya koya mini dabarar: injin gas da sanyin safiya ake gwada shi, kafin mai shi ya ɗumama shi. In ya ɗumama, ko wanda ya gaji ma tashi yake da murɗi ɗaya. Don haka na aika wa Alhaji Garba cewa sai bayan azahar zan zo, muka yi masa sammako.

A hanya Sale bai bar ni na huta ba. "Baba, mai gas tana da ƙarfi, ban musa ba. Lita ɗaya tana kai ta nesa fiye da mai fetur. Amma gas ɗin ya fi tsada, kuma 'yan bumburutun ƙauye fetur suke ajiyewa. In famfonta ko nozul ya lalace, ni ba ruwana, sai Kano. Mai fetur kuwa ko fulogi ne ya mutu, a gindin bishiya zan gyara maka."

Na ce, "Kai dai tsoro kake kada abincinka ya koma Kano."

Ya ce, "Wannan ma yana ciki."

Shinge ɗaya muka tarar kafin Gwaram. Jami'in ya leƙa baya, ya ga ba kujera, ya ce, "Baba, ina fasinjojinka suke zama?" Na ce, "Buhuna ne, ranka ya daɗe, ba sa ƙorafi." Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Shida da minti ashirin muka ratsa Gwaram ba mu tsaya ba. Mitar motata ta daɗe da rasuwa, amma Sale ya ce mun ci wajen kilomita hamsin.

Fagam da abin da ke gabanta

Daga Fagam muka sauka daga kwalta. An yi ruwa kwana biyu a jere, hanyar duk taɓo, sau biyu Sale ya fita ya tura. Bakwai da kwata muka tsaya ƙofar gidan Alhaji Garba.

Ga akori-kurar nan a gindin dalbejiya, an wanke ta tas. Ga Alhaji a kan tabarma da babbar riga, an ajiye kunu da ƙosai na mutum uku.

"Maraba da mutanen Birnin Kudu! Ashe azahar ɗinku da wuri take yi."

Sale ya wuce ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya janye, ya dube ni. Na ɗora nawa. Da ɗuminta, kamar bayan akuya.

A nan na tuna. Jiya da yamma a teburin Haladu mai shayi na zauna na bayyana wa jama'a dabarata daga farko har ƙarshe, har da kwaikwayon yadda fuskar Alhaji za ta yi in ya gan mu. Matar Haladu kuwa 'yar ƙauyen nan ce. Ni na ɗaura musu aure ma, ni ne wakilin ango.

Aka murɗa makulli, ta tashi nan take. Jama'a, ruri! Na zagaya da ita bayan gari, ta ratsa taɓon da ya kama tawa kamar ba ta gan shi ba. Sale ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya ce jiki lafiya, giya lafiya, amma maganar inji ba zai ce komai ba sai ya ga tashinta da sanyi.

Na ce wa Alhaji, "To sai dai in kwana."

Ya ce, "Gidanka ne."

"Makullin ma ya kwana a aljihuna."

Ya dubi motar, ya dube ni, ya miƙo. "Biyu ne," in ji Sale. Alhaji ya sa hannu a ɗaya aljihun, ya miƙo na biyun.

Na kira gida wajen azahar. Sai da na hau kan wani juji kafin wayar ta shiga. Zulai ta ce, "Baba, ka tafi da motar fa. Hadari yana haɗuwa, ka san yadda Inna take yi da sanyin ruwa." Na ce abin shaƙarta yana nan? Ta ce yana nan, amma ya kusa ƙarewa. Na ce gobe kafin hantsi na iso. Ta kashe wayar.

Na ƙara wani wayon a kan na farko. Malamin Gwaram ya ce wani mai saye zai zo masa ranar Laraba da rana, don haka bayan la'asar na tura Sale da tsohuwar motata ya kwana can, ya gwada mai fetur ita ma da sanyin safiya. Na tsaya ina kallon motata tana tafiya. Sai da ta ɓace na lura cewa na rage ni kaɗai, ba ni da abin hawa sai wanda ban san ko yana tashi ba.

Masauki ba laifi. Shagon baƙi mai katifa da gidan sauro. Bayan magariba aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, da zakara guda, an yanka shi saboda ni. Kowace loma na kai baki sai in ji ta yi nauyi. Mutum ya yanka maka zakara, ya zauna yana tura maka cinya, gobe da wane baki za ka ce masa motarsa ba ta yi ba? Na ci dai. Ban taɓa jin kunyar da ta hana ni cin kaza ba.

Laraba: minti ashirin da takwas

Ruwa ya kwana yana zuba. Shida da minti goma, mun dawo daga masallaci inda ruwan ya tsare mu, wayata ta yi ƙara. Zulai ce.

"Baba, ya taso mata. Abin shaƙar ya ƙare. Ba babur ko ɗaya a titi saboda ruwan. Kana ina?"

Ta bayan muryarta ina jin numfashin Hajiya, siriri, kamar ana busa usur da ya tsage. Na ce ta buga ƙofar maƙwabta, ta nemi mai adaidaita, ga ni nan. Wayar ta yanke.

Na ruga wajen akori-kura, takalmi ɗaya ya tsaya a taɓo ban koma masa ba. Na murɗa makulli. Ta yi gurnani, ta yi tari, ta fitar da farin hayaƙi, ta yi shiru. Na sake. Haka. Na uku gurnanin ya fara ja.

Alhaji ya iso da laima. "Malam, jira hita ta ɗumama injin tukuna, ba a yi mata gaggawa."

"Alhaji, matata ce ba ta numfashi!"

Ya jefar da laimar. Ya ƙwala wa mutanen da ke fitowa daga masallaci kira, ya shiga zaure ya fito da tsumma da 'yar kwalbar fetur. A bayan ƙofa suke, inda hannu ke kaiwa ba sai an duba ba. Ya buɗe bonet, ya jiƙa tsumman, ya kanga a bakin da inji ke shaƙar iska. "Murɗa!" Na murɗa. Ta kama, ta saki. Batir ya mutu.

Sai turi. Magidanta bakwai, wasu da carbi a hannu, cikin ruwa, ƙafa na zamewa. Muka tura ta har gangaren bakin rijiya, Alhaji na kan sitiyari. Ya saki kuloci, ta yi tsalle, ta mutu. Muka sake. Ni da nake shekara sittin da bakwai, kafaɗata a jikin ƙarfe, ina salati ina zagin kaina a numfashi ɗaya. A turi na uku ta kama da wani ruri da ya tashi kajin unguwar. Na duba waya: shida da talatin da takwas.

Alhaji ne ya tuƙa. Gaskiya ɗaya zan faɗa wa motar nan: da ta tashi, ba abin da ya tsayar da ita. Inda ruwa ya yanke hanya ta shiga ta fita. Amma waya ba ta shiga, na kira Zulai ya fi sau goma. A haka muka hau kwalta a Fagam. A nan saƙo ya shigo, na miƙa wa Alhaji don idona ya ƙi karantawa. Ya rage gudu ya duba. "Sun samu adaidaita. Suna hanya."

Gwaram

Bakwai da ashirin da biyar. Sale na tsaye ƙofar gidan malamin, na riga na same shi a waya. Ya ce, "Baba, taka ta sha ruwa, sai na busar da fulogi. Wannan kuwa murɗi ɗaya na yi mata, ta kwana cikin ruwan nan." Malamin ya miƙo makulli da takardu ya ce mu je, magana sai hankali ya kwanta.

Na juya wajen Alhaji Garba. Babbar rigarsa ta zama taɓo har gwiwa. Na fara lalubo abin da zan ce game da zakara da makulli, sai ya riga ni.

"Malam, da ka gaya mini ta jinya kake nema, da ban bari ka kwana ba. Motata ta aiki ce, tana son mai jira da masu turi. Ko ka ce za ka saya yanzu, ba zan sayar maka ba. Je ka."

Birnin Kudu

Sale ya tuƙa mu a mai fetur ɗin. Ba ta ruri, ba ta ban tsoro, in ta zo hawan tudu sai an sauke mata giya. Na kwantar da kujerar baya da hannuna muna tafiya, na ga mutum zai miƙe a ciki sosai. Takwas da kwata muka shiga asibiti, ni da takalmi ɗaya.

Hajiya na kan gado, an sa mata abin numfashi a fuska, ƙirjinta ya daina kukan. Zulai na gefe, ko kallona ba ta yi ba. Na tsaya ina ɗigar da ruwa a kan siminti. Can Hajiya ta janye abin daga bakinta.

"Ka sayo mai rurin?"

"A'a. Mai tashin."

Ta dubi ƙafata, ta mayar da abin numfashinta.

Kwana biyu aka sallame ta, a bayan sabuwar motar ta dawo gida, Zulai na tuƙi. Na koma Gwaram muka ƙarasa da malamin, na kuma aika wa Alhaji Garba zakaru biyu, ɗaya na wanda na ci, ɗaya na turi. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ya bar mini Hajiya. Na gode wa Sale, da mai adaidaitan da ya fito cikin ruwa, da magidanta bakwai da ban san sunan ko ɗayansu ba.

Har yau in akori-kura mai gas ta wuce sai na waiwaya, ba zan ɓoye ba. Amma kullum in na dawo daga asuba nakan murɗa tamu sau ɗaya, Hajiya na ji daga ɗaki. In ta tashi sai in kashe, in rataye makullin a ƙusar da ke bakin ƙofarta. Zulai ta ce aljihuna ba wurin kwanan makulli ba ne, ban kuwa yi gardama ba.