Tsohuwar da Mura Ta Tsallake Sau Biyu

Wata Talata cikin sanyin 1978 Furera ta rasu da ciki wata bakwai. Matata ce, kuma ɗiyar farin Delu mai kunu, wadda nake jinjina wa yau. Kashegari da asuba Delu ta hura wuta, ta dama kunun gero da tsamiya, ta ɗora ƙwarya a ka, ta shiga gidajen Ibohamane kamar kullum.

Murar shekarar nan matasa ta bi. Lakwal ɗin da nake koyarwa ta koma kango, samari majiya ƙarfi suka zube, tsofaffi kuwa ko atishawa. Rediyo ya ce mai sauƙi ce. Rediyo ba shi da mata mai ciki.

Delu ta san wadda ta fi ta. Tana yarinya a Deule aka yi babbar murar 1918, wadda littattafai suka ce ta fi cin masu jini a jika. Ta ci uwarta da ubanta. Ta taɓa gaya wa Furera cewa rabin waɗanda suka mutu a zamanin nan ba zazzaɓi kaɗai ya kashe su ba, har da rashin mai miƙa musu ruwa. Shi ya sa ba ta tsallake ƙofa ko ɗaya ba, ba ta kuma karɓi komai ba.

Isiyaku direba ya shaida. Yana kwance ya ce, "Inna, ki bar ni in mutu."

"Ka mutu wa za shi kai min gero Keita? Buɗe baki, raggo!"

Yau ƴaƴansa huɗu.

Mu kuwa maza muna zaure muna karɓar gaisuwa. Duk garin ni ya yi wa ta'aziyya. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban jama'a, ko sunansa ba ta kira, sai muka ɗauki shirunta a kan ba ta da ciwo. Ni kuma suruki ne: in na hango ta sai in sake hanya. Muna kiran wannan kunya, kuma kunyar ce, amma ba irin wadda muke nufi ba.

Inna Delu, ke ce inuwar da muka sha ba mu ɗaga kai ba. Bana gwiwoyinki sun ƙi, kin ajiye ludayi, jikanki zai mai da ke Deule bayan girbi. Mun gode, Allah ya saka. Ku ƴan mata, mura za ta dawo, ba ta kuma shawara da kowa kan wanda za ta ɗauka. Ku koyi damun kunu da shiga gidan da ake gudu.

Ba zan iya tsayawa gabanki ba har yau, sai dai a karanta miki wannan. Inna, ɗiyarki ce kafin ta zama matata. Ya muka ji da haƙuri?